Wa aka ba bindiga, wa aka tsayar a gabanta? Siyasar wasannin bidiyo daga Zongon Kumasi

A watan Yunin 2020 masu PUBG Mobile suka ƙara wani sabon salo a wasan. An kakkafa gumaka a cikin daji, duk ɗan wasan da ya tsaya gaban gunki ya yi alamar bauta sai ƙarfinsa ya dawo. Malamai a Kuwait da Saudiyya suka yi ca a kai, matasa suka shiga goge wasan daga wayoyinsu suna nuna wa duniya. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya cire abin ya ba da haƙuri. Har nan Zongon Kumasi saƙon ya zagaya a WhatsApp, daga guruf ɗin makarantar Islamiyya zuwa na dangi, kowa na ja wa ɗansa kunne.

Ba a kansa aka fara ba, ba kuma a kansa aka ƙare ba. A 2008 Sony ta janye wasan LittleBigPlanet daga hannun 'yan kasuwa ana gab da fara sayarwa, saboda wata waƙar Toumani Diabaté, makaɗin kora na Mali, tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. A 2012 an ɗauke wani filin daga na Call of Duty: Modern Warfare 2 bayan an gano hadisi rubuce a jikin firam ɗin hoton da ke rataye a banɗaki. A 2021 kuma shafukan Alƙur'ani aka gani warwatse a ƙasa a Call of Duty: Vanguard. Tafiyar dai ɗaya ce: a yi kuka, kamfani ya ce a gafarce shi, a goge, a ci gaba da ciniki.

Kukan ya dace, kuma ya yi aiki. Abin da ke damuna shi ne a nan kunnenmu ya tsaya. Goge hoto daga bango aikin yini guda ne ga kamfani, bai rage masa ko kwabo ba. Amma wasan da aka goge hadisi daga banɗakinsa shi ne dai wanda ke farawa da kai a Afganistan kana harbin mutane masu rawani, kuma a kan wannan babu wanda ya ba da haƙuri, mu ma ba mu nema ba. An bar jaki ana dukan taiki. Siyasar da ta fi nauyi a wasan bidiyo tana cikin ƙa'idarsa: a jikin wa aka saka ka, wa aka tsayar maka a gaba, a kan me ake ba ka maki, me kuma aka hana ka yi ko da kana so.

Shiga kowane gem santa a Aboabo ko Sawaba da la'asar. Ɗaki ne ɗan ƙarami, labule a ƙofa, talabijin uku ko huɗu jere a bango, benci, fanka na juya iska mai zafi, silifa a zube a waje. Biyu na bugawa, takwas na tsaye a bayansu suna ba da umarni. Mai shago na zaune a bakin ƙofa da tsabar sidi a gwangwani, yana addu'ar kada dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta faɗo ana tsakar wasa, don rigimar mayar da kuɗi ba ta da daɗi. Sai ka lura da abin da yaran ke yi idan wasa ya dakata don ya ba da labari, mutanen ciki suka fara dogon Turanci ta hanci. Babu mai saurare. "Kai, wuce mana, lokacina na ƙonewa!" Sai a danna a tsallake. Wanda ya biya kuɗin minti goma ba zai ba da uku ga surutu ba.

Ka tambayi mai shago ko ya san abin da wasan ke faɗa, sai ya yi dariya: "Malam, ai wasa ne kawai. Wa ke jin abin da suke cewa?" Rabin gaskiya ya faɗa. Maganar ba ta iso ba. Amma yaron da bai ji ko kalma ɗaya ba ya san wanda zai harba ba tare da an nuna masa ba: daga tufa, daga gemu, daga irin ihun da yake yi, daga irin lungun da ya fito. Wannan darasin ba ya buƙatar Turanci, kuma ana maimaita shi ba adadi kafin kuɗin yaro ya ƙare.

A nan fim da wasa suka raba hanya. A fim kallo kake yi, kana iya ƙin jarumin har a tashi. A wasa babban yatsanka ne a kan maɓalli, kuma ba za ka wuce mataki ba sai ka aikata abin da aka tsara. Ana ce maka kana da zaɓi, amma zaɓin fasinjan motar haya ta trotro ne: kujera taka ce, hanya ta direba ce.

Sojoji sun riga kowa gane wannan. Ranar 4 ga Yulin 2002 rundunar sojan Amurka ta fitar da wasan America's Army, kyauta, da kuɗin gwamnati, kuma ba ta ɓoye cewa matasa take nema su shiga soja ba. Ya yi shekara 20 kafin a rufe shi a 2022. Akwai wata dabara a cikinsa da ta fi duk wani jawabi. Idan ƙungiya biyu suka kara, kowane ɓangare kansa yake gani a kakin sojan Amurka, abokan karawarsa kuma yana ganinsu a shigar abokan gaba. Su ma haka suke ganinsa. Ke nan babu yaron da ya taɓa kallon kansa a matsayin mai yaƙar Amurka, ko da daga Bagadaza yake bugawa. Da kamfanin EA ya yi yunƙurin barin mutane su buga a matsayin Taliban a Medal of Honor na 2010, hayaniya ta tashi har ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Liam Fox, ya nemi shaguna su ƙi sayar da shi. Aka cire sunan Taliban daga wannan ɓangaren. Harbinsu kuwa bai tayar wa kowa da hankali ba.

Call of Duty: Modern Warfare na 2019 ya je nesa da haka. An ƙirƙiri wata ƙasa mai suna Urzikstan wadda Rasha ta mamaye, aka saka wani mataki a kan titin da ake kira Hanyar Mutuwa, aka ce Rashawa ne suka yi luguden wuta kan mutanen da ke gudun tsira a wurin. To amma akwai Hanyar Mutuwa ta gaske. Ita ce babbar hanyar da ta tashi daga Kuwait zuwa Basra, inda a watan Fabrairun 1991 jiragen Amurka da na ƙawayenta suka ragargaza ayarin sojojin Iraƙi masu janyewa. Masu wasan sun ce ƙasar ai ƙagaggiya ce, sun kuma ce wasansu ba na siyasa ba ne. Sunan titin dai ba su suka ƙaga shi ba. Yaron da aka haifa bayan 2000, wanda ba zai taɓa karanta labarin yaƙin Tekun Fasha ba, a wasa ya fara jin sunan, kuma an riga an sauya masa mai laifi.

Afirka kuwa fili ce kawai a yawancin waɗannan wasanni, wurin da baƙo ke zuwa ya yi aikinsa ya tafi. A Call of Duty: Black Ops II na 2012 an fito da Jonas Savimbi, madugun 'yan tawayen UNITA na Angola da aka kashe a 2002, yana ihu a fagen fama yana kiran a gama da abokan gaba. Uku daga cikin 'ya'yansa suka kai ƙara a Faransa suna neman yuro miliyan 1, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2016. Savimbi ba waliyyi ba ne, 'yan Angola sun fi kowa sani. Amma yaƙin da ya ci ƙasar daga 1975 zuwa 2002 an mayar da shi shimfiɗar da za a bi a ceto Ba'amurke guda. Resident Evil 5 na kamfanin Capcom na Japan, wanda ya fito a 2009, ya fi kusa da gida. Wani ƙagaggen gari ne na Afirka, da kasuwa, da rufin kwano, da lunguna irin waɗanda duk ɗan Zongo zai gane. Cuta ta mayar da mutanen garin dodanni, aikinka kuma ka bi su da harbi a jikin wani ƙaton Bature. An haɗa shi da abokiyar aiki 'yar Afirka, amma can gaba sai ga mutane da warki da masu suna fitowa daga fadama. Yaranmu sun buga shi sosai. A jikin Baturen suka zauna, ba a ba su wani jikin ba sai na mataimakiyarsa.

Kada a ce na ce wasa na mayar da yaro mai kisa. An daɗe ana wannan gardamar, kuma a 2011 kotun ƙolin Amurka, da take soke dokar jihar Kalifoniya ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, ta ce binciken da aka kawo mata bai tabbatar da hakan ba. Maganata a kan sabon ido ce: wace fuska ce ke nufin haɗari tun mai ita bai yi komai ba. Mutanen unguwar Asawase ta nan Kumasi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasan Zongo bakwai a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar hakan ba, aka dakatar da jami'ai 21. Ba wasa ne ya jawo wannan ba, zato ne da ya girmi PlayStation nesa ba kusa ba. Amma al'ummar da ta san yadda ake karanta wa mutum laifi a fuska ita ta fi cancanta ta gane wasan da aka gina a kan haka.

Ƙa'idar da ake koyar da wannan da ita, da ita wasu ke warware shi. A 2003 wani ɗan Uruguwai, Gonzalo Frasca, ya yi ɗan ƙaramin wasa mai suna September 12th. Gari ne na Gabas ta Tsakiya, jama'a na kai-komo, 'yan bindiga na yawo a cikinsu, kai kuma makami mai linzami ne a hannunka. Ka saita ka harba, sai ya ɗan jinkirta kafin ya sauka, ya haɗa da duk wanda ke kusa. Dangin mamaci su zo su yi kuka a kan gawa, su miƙe sun zama 'yan bindiga. Duk ƙara harbinka, ƙara yawansu. Babu nasara a wasan, babu kuma wanda ya yi maka wa'azi. Hannunka ne ya gaya maka.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Papers, Please, da wani mutum guda, Lucas Pope, ya fitar a 2013. Babu gudu, babu tsalle. Kai jami'in kan iyaka ne na wata ƙagaggiyar ƙasar gurguzu, Arstotzka, a 1982. Gabanka tebur ne da littafin doka da hatimi biyu, kore na shiga, ja na komawa. Mutum ya miƙo fasfo, ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka duba garin da aka ba da shi, ka buga. Ana biyanka gwargwadon yawan mutanen da ka sallama daidai, kuskure ya wuce biyu a yini a fara yanke maka albashi. Da dare sai a kawo maka lissafin gida: haya, abinci, kuɗin ɗumama ɗaki, maganin ɗanka da ya kwanta. Doka kuma kullum ƙaruwa take yi. Jiya fasfo ya isa, yau sai da tikiti, gobe sai da takardar izini, jibi sai da ta aiki. Wata rana wani mutum ya zo takardunsa cif-cif, ya ce matarsa na bayansa a layi, don Allah a tausaya mata. Ta iso, takarda ɗaya babu. Ta ce in aka mayar da ita kashe ta za a yi. Hatimi na hannunka, kuɗin maganin yaro na ranka, layi kuma na jira.

Mu mun san wannan tagar, amma ta waje. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su fice daga Ghana, Zongo bayan Zongo ya kwashe, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ta kori nata baƙin, 'yan Ghana wajen miliyan 1 suka dawo da kaya a ka. Yau kuma wurin neman Ghana Card ko fasfo ne ake kallon sunan mutum a tambaye shi daga ina kakansa ya zo. Wasan sai ya ɗauke ka ya zaunar da kai ta ciki, a kujerar jami'in, ya nuna maka abin da ba mu cika son ji ba: ba sai jami'i ya zama mugu ba. A ba shi doka mai sauyawa, a ɗaure albashinsa da ita, a sa masa iyali a gida, sauran zai yi kansa. Na fi ganin sharhi a kan al'umma a wannan tebur fiye da duk wasannin da ke cika kunne da jawabin 'yanci. Haka This War of Mine na 2014 yake, wanda wani kamfanin Folan ya gina a kan ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo daga 1992 zuwa 1996: farar hula kake riƙe da su, yunwa ta sa ka shiga gidan tsofaffi ka kwashe musu abinci, washegari mutanenka su kasa tashi don baƙin ciki. Gwamnatin Folan ta sa shi cikin kayan karatun makarantun sakandare. Sai dai ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a gem santa ba. Wasan da ke son ka tsaya ka yi tunani bai dace da agogon mai shago ba.

Shi ya sa batun wasannin Grand Theft Auto, wato GTA, ke ba ni dariya. Masu sharhi a Turai da Amurka na yaba shi da cewa zambo ne ga rayuwar Amurka, kuma haka ne. San Andreas na 2004, wanda duk wanda ya tashi da PlayStation 2 a garin nan ya san shi, labarin baƙar fata ne da gurɓatattun 'yan sanda suka riƙe wa wuya, kuma ya ƙare da tarzoma irin ta Los Anjelas ta 1992. Rediyon cikin mota cike yake da habaici ga 'yan siyasa da masu talla. Duk wannan a baki yake, don haka bai tsallako teku ba. Abin da ya tsallako shi ne jawo mutum daga motarsa, da lambobin sirri na samun makamai, waɗanda yara ke rubutawa a bayan littafin makaranta.

Akwai kuma wasannin gina daula, inda abin ya fi laushi. Kumasi na cikin Civilization VI na 2016, amma ba za ka iya zama Kumasi ba. Ƙaramin birni ne a taswira, manyan dauloli na tura masa jakadu don su mallaki ra'ayinsa, wanda ya gaji da lallashi ya kawo runduna. Garin da Janar Wolseley na Birtaniya ya ƙona a 1874 ke nan, kuma, tun da ana maganar wanda aka ba bindiga, a rundunar Turawan ta wancan yaƙi akwai sojoji Hausawa. A 2021 Age of Empires III ya ƙaro Hausawa a matsayin daular da za ka iya ja, da Kano a matsayin birninsu, da mahayan lifidi, da maharban Fulani, suna amsa umarni da Hausa. Akan kuwa an bar su a ƙananan ƙawaye. A 2025 Sarauniya Amina ta Zazzau ta shiga jerin shugabannin Civilization VII.

Daɗin jin Hausa na fita daga bakin mayaƙi a wasan da duniya ke bugawa daɗi ne na gaske, ban raina shi ba. Amma an sa mana riga ne aka shigar da mu tseren wasu. Ko ta yaƙi, ko ta kimiyya, ko ta al'ada, nasara a waɗannan wasanni ɗaya ce: ka faɗaɗa, ka kama ƙasa, ka wuce kowa. Da aka saka Poundmaker, shugaban al'ummar Cree ta Kanada na da, a Civilization VI a 2018, wani jagoransu, Milton Tootoosis, ya koka cewa ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan na nuna kamar su ma burinsu irin na 'yan mulkin mallaka ne. Kukansa namu ne. Kakannin da suka kafa Zongo fatake ne, da jakuna suka biyo hanyar goro ta Salaga. Ba su ci ƙasar kowa ba. Sun sauka a ƙasar wani da izininsa, suka gina masallaci da makaranta, harshensu ya zama harshen kasuwa. Wannan ma hanyar zama a duniya ce, amma ba a ba da maki a kanta.

Wani zai ce shi duk wannan bai dame shi ba, ƙwallo kawai yake bugawa. To, a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, EA ta cire tawagar Rasha da kulob-kulob ɗinta daga FIFA 22. A Disamban 2019 kuma, da ɗan ƙwallo Mesut Özil ya yi magana a kan halin da Musulmin Uigur ke ciki, an goge shi daga wasan ƙwallo na PES 2020 na ƙasar Sin. Yaron Kumasi na iya jan ƙungiyar rukuni na huɗu ta Ingila, rigarta da sunayen 'yan wasanta, amma ba zai samu gasar firimiyar Ghana ba, ba Kotoko ba King Faisal. Lissafin lasisi da kasuwa ne, na sani. Amma lissafin kasuwa ma yanke hukunci ne a kan wa ya isa a gani. Ga kuma fakitin 'yan wasa da ake saya ba a san abin da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har EA ta daina sayar da makin sayensa a can a farkon 2019. Mu a nan mun sha gardamar harajin kashi 10 a kan cin caca, wanda aka kawo a 2023 aka soke a 2025, amma cacar da ke cikin wasan yara babu mai ɗaga ta.

Duk wannan na komawa ga mai kaya. Tencent ta ƙasar Sin ce ta haɗa PUBG Mobile, wani reshenta kuma ya haɗa Call of Duty: Mobile. A Oktoban 2019 kamfanin Blizzard ya dakatar da wani ɗan gasa na Hongkong da ake kira Blitzchung na shekara guda, ya ƙwace masa kyautarsa, don ya goyi bayan masu zanga-zanga a wata hira kai tsaye. Sai da duniya ta yi caa aka rage zuwa wata shida aka mayar masa da kuɗinsa. Microsoft ta kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a 2023 a kan kusan dala biliyan 69. A Satumban 2025 aka sanar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, tare da Silver Lake da kamfanin Jared Kushner, sun amince su sayi EA a kan dala biliyan 55. Na ji masu murna cewa yanzu Musulmi sun shiga gidan. Wataƙila za a ƙara kula da abin da ya shafi addini, amma ban ga alamar za a yi wasa a kan yaƙin Yemen ta idon wanda bam ya faɗa wa gida ba.

Wanda ya gwada irin wannan ya ga yadda ƙofa take. A 2016 wani Bafalasɗine, Rasheed Abueideh, ya yi Liyla and the Shadows of War, ɗan gajeren wasa a kan wani uba da 'yarsa a yaƙin Gaza na 2014. Apple ta ce masa bai dace da sashen wasanni ba, ya kai shi sashen labarai. Sai da aka yi surutu ta janye. Kafin nan, a 2011, ta cire Phone Story, wasan da ke bin wayar hannu daga ramin ma'adinai na Kwango zuwa masana'anta zuwa juji, wato irin jujin Agbogbloshie da ke Accra inda 'yan'uwanmu daga arewa suka sha hayaƙin waya kafin a rushe shi a 2021. Wasan mai harbi ana kiransa wasa. Wasan wanda aka harba sai a ce ya cika siyasa.

Namu masu haɗa wasa na nan, kodayake ba su da yawa. Eyram Tawia, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST nan Kumasi, shi da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa Leti Arts a 2009, suka ɗauko Ananse, wato Gizon tatsuniyoyinmu, suka mayar da shi gwarzo. A Legas Maliyo Games ta fara a 2012 da ƙananan wasanni na sauro da acaɓa. A Kamaru Kiro'o Games ta Olivier Madiba ta fitar da Aurion a 2016, sannan ta yi Le Responsable Mboa, inda kai ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne mai neman hawa sama a ofis da cin hanci ya yi wa katutu. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin bai tsaya ga sa wa jarumi kente ko babbar riga ba, ƙa'idar ce ya ɗauko daga rayuwarmu. Kuma abin da za a ɗauko yana da yawa: 'yar kayayo mai dakon kaya a kasuwar Kejetia da ke lissafin kuɗin kwana da na aikawa gida, ko mai goro da ke bin shingayen hanya daga nan zuwa Kano.

Abin da ke tare hanya kuɗi ne. Jama'armu sun saba da wasan kyauta ko na kwafi, kuma aljihunsu a MoMo, asusun kuɗi na waya, yake, ba a katin banki ba. Shi ya sa kamfanoni da dama a nahiyar ke rayuwa da kwangilar ƙungiyoyin agaji, su yi wasan wanke hannu ko na zaɓe lafiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma yaro na gane wa'azin da aka sa wa rigar wasa tun daga nesa. Wanda kuma ya ƙi kwangila ya ce zai sayar da kansa, ko a Asawase ya haɗa wasan don 'yan Asawase, sai ya bi ta Play Store ko App Store kafin ya isa wayar maƙwabcinsa. A can za a ɗauki kashi 15 zuwa 30 na abin da ya samu, a can kuma za a yanke ko abin da ya kawo wasa ne.